Kayen Manzo Ziro

Cikakken sunanta Balkissa Halliru Arzika, malamar jami'a, haifaffiyar Malanville, kuma na fara haɗuwa da ita ranar Asabar, bakwai ga Oktoba, 2017, a ƙarƙashin wata rumfar kwano kusa da ma'ajiyar shinkafa, inda ta buɗe ajin manya. Ina cikin waɗanda suka zauna kan bencin nan da furfura a gemu, kuma da hannun da ta koya wa riƙon bik, wato biro, nake wannan rubutu, ba wanda ya duba mini shi. Labarin nata ne, ita da yayanta Manzo, da wani suna da aka laƙaba masa tun yana yaro, wanda ta daɗe tana neman hanyar cire masa.

Mahaifinsu, Malam Halliru, mutumin Gaya ne. Ya ƙetaro gulbi yana saurayi, ya yi dakon albasa a kasuwa har Allah ya ba shi rumfa tasa. 'Ya'yansa biyu ne suka rayu, Manzo da Balkissa, shekara huɗu tsakaninsu. Manzo ya yi shekara biyar yana karatun allo kafin a kai shi lakwal, wato makarantar boko, yana ɗan shekara goma, ya fi kowa tsawo a ajinsu. Shekarar farko ta wuce lafiya, domin a kan ɗan baƙin allo ake rubutu da alli, a ɗaga wa mushe, wato malamin aji, ya gani, a goge. Allo kuwa ba shi da shafin farko, ba shi da na ƙarshe.

A shekara ta biyu aka kawo sabon mushe daga kudu, saurayi, ba ya jin Dandanci, ba ya jin Hausa, aka danƙa masa yara casa'in da huɗu shi kaɗai. Ranar jarrabawar farko ya raba wa kowa sabon kaye, littafin rubutu mai shuɗin bango, ya rubuta sunan kowane yaro a gaba. Manzo bai taɓa riƙe littafin da ya zama nasa ba. Littafin da ya sani shi ne wanda ake ɗauka da alwala a buɗe ta dama. Saboda haka ya girmama kayen nan yadda aka koya masa girmama littafi: ya kifa shi, ya buɗe ta bangon baya, ya yi bisimilla, ya soma aiki. Layukan kam daga hagu zuwa dama ya ja su yadda boko ke so, shafukan ne kawai ya faro daga ƙarshe.

Bayan kwana uku mushe ya kira shi gaban aji. Ya ɗaga kayen sama, ya buɗe shafin farko, fari fat. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, duk haka. Sannan ya nuna wa yara abin da ya rubuta da jan bik, 01, ya ce sifirin na aiki ne, ɗayan kuma na tsabta, tun da yaron bai ɓata takarda ba. Waɗanda suka ji Faransancin suka yi dariya, waɗanda ba su ji ba suka taya su.

Manzo ya miƙa hannu ya ce, "Juya shi." Ya sake faɗa da Dandanci. A zamanin nan kuwa duk yaron da ya yi yaren gida a cikin aji, ƙashin saniya ake rataya masa a wuya da igiya, ya yini da shi. Aka rataya masa. Ya laluba cikin ɗan Faransancin da ya tara ko zai sami kalmar da za ta ce a juya, bai samu ba, don ba a kai ga koya musu ita ba. Kafin ya isa gida sunan ya riga shi isa: Manzo Ziro.

Ya jefar da kayen a ƙofar ɗakin mahaifiyarsu, Inna Sa'adiya, ya rantse ba zai koma ba. Malam Halliru ya tafi lakwal, aka samo mai fassara, mushe ya ce yaron ba shi da kan boko. Uban bai yi gardama ba, ya kai Manzo wurin wani kawunsa mai jirgi a bakin gulbi. Inna ce ta ce gurbin bencin nan ba zai tafi a banza ba. Ta warware kakin Manzo, ta kai wa tela ya fitar da 'yar riga daga ciki, aka sa wa Balkissa. Haka yarinyar ta shiga lakwal sanye da tufar yayanta, kuma tun daga ranar ta san a gurbin wani take zaune.

Karatu ya karɓe ta. Ta gama a Malanville, ta yi Kandi, ta yi Kwatano. Duk hutun da ta zo sai ta tarar da Manzo ya ƙara faɗin kafaɗa, ya sayi jirginsa, ya yi aure, ya zama mutumin da 'yan kasuwar Gaya da na Kamba ke jira ko da wasu jiragen na nan a ɗaure. Amma da sunan nan ake kiransa. "Ziro, kawo jirgi!" "A ba Ziro buhun nan." Yakan amsa da fara'a, har ita ma ta ɗauka abin bai dame shi ba.

A shekarar 2009, tana gab da gama digirin farko, ta zo neman takardar haihuwarta. Inna, wadda ba ta faɗin sunan ɗan fari, ta ce, "Duba adaka, cikin kayen mai jirgi. Duk takardun gidan ga can nike aje su." Balkissa ta ɗago kayen, ya suɓuce daga hannunta, ya faɗi a kife, ya buɗe ta baya. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai ta ga rubutu. Shafi shida cur, da hannu mai kyau kamar an jera ƙwayar shinkafa: dikte, wato rubuta abin da mushe ya karanto, da lissafi, da zanen jirgi a ƙarshe. Ta zauna a ƙasa, ta ciro jan bik daga jakarta, ta bi aikin layi layi. Da ta gama ta sake bi, don ba ta yarda da idonta ba. Tara da rabi bisa goma.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi bakin gulbi. Ta same shi yana kwarfe ruwa daga jirgi, kusa da teburin Latifu mai shayi, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda ya fi kowa jin daɗin sunan nan a baki.

"Yaya, kai ka rubuta wanga?"

Manzo ya leƙa ya ce, "To wa? Aljanun adaka?"

"Tara da rabi ne, Yaya. Ba na jin akwai wanda ya fi ka a ajin nan."

"Ai na ce mishi shi juya," in ji Manzo, ya ci gaba da kwarfe ruwansa.

"Mi ya hana ka nuna ma Baba?"

"Baba shina karanta boko ne? Mushe ya ce babu, ni yaro in ce akwai?" Ya sake leƙa kayen. "Rabin fa, ina ya tafi?"

"Ka manta ɗigo guda."

"Ashe ke ma mushe ce."

Latifu ya ɗaga buta sama yana zuba shayi ya ce, "Ziro, an ƙara maka maki bayan shekara goma sha bakwai? To Allah shi sa ka ci da shi, amma shayina ba a sha da maki."

Daga wannan rana hanyarta ta karkata. Da aikin duwan, wato kwastan, take hange, sai ta koma ilimin koyarwa, ta yi ta yi har ta zama dokta, aka ɗauke ta a jami'ar Paraku tana horar da waɗanda za su zama malaman lakwal da masu duba aikin malamai. Kuma ba ta fara shekara da jawabi. Ranar farko sai ta shigo da kayen nan mai shuɗin bango, ta miƙa wa na gaba, ta ce jarrabawar wani yaro ce, kowa ya duba ya rubuta makin da ya ba shi a ɓoye. Kaye ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Cikin ɗalibai ɗari biyu, da wuya a sami biyar da suka kai bangon baya. Sauran sifiri suke bayarwa, har wata shekara wani mai tausayi ya ba da biyu, ya ce saboda bangon bai yage ba. In an gama sai ta karɓa, ta juya shi a gabansu, ta karanta musu dikten daga farko har ƙarshe. Sai a yi dariyar kunya.

Ba ta taɓa zagin mushen nan ba. Takan ce duk wanda aka ba yara casa'in da huɗu da harshen da ba su ji, ko shi waliyyi ne sai ya tsallake shafi. Abin da take roƙon ɗalibanta shi ne, kafin mutum ya rubuta wa yaro sifiri, ya tabbata sifirin na yaron ne, kada ya zama nasa ne ya ɗora wa yaro. Ba ta tsaya a zauren lacca ba. Takan hau bayan babur da ɗalibanta su bi ƙauyuka, su zauna a bayan aji su yi kallo. A Gene ta tarar da wata yarinya da aka ce taurin kai gare ta, ba ta amsa kira. Balkissa ta lura kunne ɗaya ne ke ji, shi kuma aka jingina da bango. Aka sauya mata wurin zama, kafin ƙarshen shekara ta shiga cikin goman farko. A Madekali kuma ta yi wata biyu tana lallashin wani darakta ya daina mayar da 'ya'yan makiyaya gida don sun dawo daga mashekari bayan an buɗe lakwal. Irin waɗannan abubuwa ta tara ta rubuta, aka riƙa gayyatarta taro a Yamai da Dakar, kuma ko'ina ta je kayen na cikin jakarta.

Da Sallar layya ta 2017 ta zo gida, ana zaune tsakar gida ana suya, ta ciro waya tana nuna wa Manzo hoton kayensa a kan babban allo, da manyan mutane sun cika zaure suna kallo. Ya duba, ya mayar mata.

"Sau nawa kayen ga ya hau jirgin sama, Dokta?"

"Sau huɗu, Yaya."

"Madalla. Shi shina jirgin sama, mai shi shina jirgin ruwa. Kin juya shi a Dakar, an tafa miki. Nan bakin gulbi wa kinka juya ma shi? Ni ban damu ba, na saba. Amma kafin hutu an ce ma Mufida Ziro ƙarama a lakwal, ta dawo ta ce ba ta komawa. Da ƙyar na lallashe ta, kuma ban san ko za ni iya na biyu ba."

Mufida ɗiyarsa ce, shekararta takwas a lokacin. Balkissa ta mayar da wayar cikin jaka. Ta ga ta shekara takwas tana cin abinci da sifirin yayanta, shi kuwa yana nan rataye da shi, ga shi har ya fara gangarowa wuyan ɗiyarsa. Ta yi tunanin ta kai kayen bakin gulbi ta nuna wa kowa, sai ta tuna masu kiran sunan ba su iya karanta shi ba. Abu ɗaya ne mutanen bakin gulbi ba su musu da shi: sunan da aka karanta a rediyo ranar sakamakon sartifika, jarrabawar gama firamare, wadda doka ta yarda babba ma ya zauna. Ta ƙudura sai an karanta sunan Manzo.

Wannan ne asalin ajinmu. Duk Juma'a takan baro Paraku da ɗalibanta biyu, su koyar Asabar da Lahadi bayan la'asar. Mutum talatin da ɗaya suka zo ranar farko, masu awon shinkafa, teloli, matan da ke sayar da kifi. Wanda aka buɗe ajin dominsa ne kaɗai bai zo ba. Ta aika, bai zo ba. Inna ta sa baki, ya ce jirgi ba ya tuƙa kansa. Latifu kuwa kullum ta wuce sai ya ce, "Dokta, icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi. Wanga ya bushe, sai dai a yi jirgi da shi."

Shekara guda ana haka. Ranar nan ta tsaya a kansa a bakin gulbi ta ce ba za ta tafi ba sai ya gaya mata abin da zai kawo shi.

Manzo ya dube ta sama da ƙasa, da takalminta da tabaraunta, ya ce, "Kina son in zauna gaban mutane in yi abin da ban iya ba, a yi mini dariya. To ke fara. Ga jirgi, ga filafili. Kin ga turken can da masunta sunka kafa? Ranar da kinka kewayo shi ke kaɗai kinka dawo nan, ran nan ina ajinki."

Ya ɗauka ta tafi ke nan. Sai ta tuɓe takalmi.

Waɗanda suka ga abin har yau suna ba da labari. Dokta ta shiga ƙaramin jirgi, ta tsoma filafili a ruwa, jirgi ya soma kewaya kansa kamar akuyar da aka ɗaure. Manzo na tsaye a gaɓa yana ta ba da umarni da kalmomin sarkawa, waɗanda ko ita da aka haifa a garin ba ta taɓa ji ba. Ta ce, "Yaya, da Hausa!" Ya ce, "Ba a yaren gida cikin aji." Masu dako suka ajiye buhuna, mata masu wanki suka miƙe tsaye, har wani jandarma ya sauko daga wajen gada ya ga abin da ya tara jama'a. Da ruwa ya fara jan ta ƙasa, Manzo ya shiga ya kamo jirgin da hannu ɗaya. Ya ɗauki gawayi daga murhun Latifu, ya rubuta a jikin jirgi, 01, ya ce, "Ɗayan na tsabta ne, ba ki jiƙa zane ba."

Ta yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Asabar ta gaba da safe ta dawo. Ta uku hannunta ya yi kanta, ta riƙa rubutu a allon aji tana cije leɓe. A ta biyar Manzo ya gaji da ihu, ya shiga jirgin, ya ɗora hannunsa kan nata, ya nuna mata yadda ake murɗa filafili a ƙarshen kowane ja don kada hancin jirgi ya karkace. Nan take jirgi ya miƙe.

"Wanga kaɗai ne? Mi ya hana ka nuna mini tun ran farko?"

"So nike ki ɗanɗana," in ji shi.

A Asabar ta bakwai ta kewayo turken ta dawo, mata suka yi guɗa. Da la'asar ta wannan rana Manzo ya shigo rumfa da sabon kaye a hannu, ya wuce can bencin baya ya zauna.

Ashe hannun bai manta ba. Cikin wata uku ya kamo waɗanda suka riga shi da shekara. Ba ɗalibi ne mai sauƙi ba, yakan yi gardama da ɗaliban jami'a kan lissafin gudun jirgi da na ruwa, kuma sau biyu aka duba aka ga shi ke da gaskiya. Abu ɗaya ne Balkissa ba ta daina maimaita masa ba, har 'yan aji suka mayar da shi waƙa: "Ta gaba, Yaya. Ta inda sunanka yake."

A watan Yuni na 2021 aka zauna jarrabawar. Mu goma sha ɗaya muka shiga daga ajinmu, cikin ɗaruruwan yara, har da Mufida, wadda ta kai ajin ƙarshe a wannan shekara, ita a wani ɗaki, ubanta a wani. Balkissa ba ta da izinin shiga, sai ta tsaya a waje ƙarƙashin dogon yaro tare da iyayen yara, tana ta goge tabarau. Da aka tashi da azahar Manzo ya fito yana tafe a hankali. Ta tare shi.

"Yaya, ƙaƙa?"

"Ta baya na fara."

"Bar wasa."

"Wallahi. An ba mu takarda mai ninki biyu. Gabana shina faɗuwa, na yi bisimilla, hannu ya tafi inda ya sani. Sai da na cika shafi biyu na ga wurin suna babu kome ƙarƙashinshi."

Ta dafe itacen. "Ka sake kwafewa a gaba?"

"Da wane lokaci? Hannu na ɗaga. Mai tsaronmu wata yarinya ce 'yar kudu, ta zo. Na ce mata, da Faransanci fa, Madam, ga abin da ya faru, ina neman izini in rubuta magana guda a shafin farko. Ta duba, ta kira babbansu, sunka ce in rubuta." Ya ɗauki tsinke ya zana mata a ƙasa: Tournez, s'il vous plaît. Wato a juya, don Allah. "Shekara ashirin da tara ina neman kalmar ga, Balki. Yau na same ta."

Mako uku ta yi ba ta da sukuni. A wurin duba takardu ana rufe sunaye, tuli ake ba kowane malami, kuma ita ta fi kowa sanin abin da gajiya ke sa mai jan bik ya yi. Da yawa daga cikin masu dubawar ɗalibanta ne na da, lambobinsu na cikin wayarta. Ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi a ƙirga, ba ta kira kowa ba, don ta san in da hannunta a ciki, Manzo ba zai karɓi sartifikan ba ko an kawo masa har jirgi.

Ranar sakamako da hantsi aka taru a teburin Latifu, don rediyonsa ya fi na kowa ƙara. Aka yi ta jero sunaye bisa harafi. Da aka zo kan Halliru sai mai karatu ya ce, "Halliru Manzo." Bai ja numfashi ba ya ce, "Halliru Mufida." Bakin gulbi ya ɗauki ihu, masu jirage suka riƙa buga filafili a ruwa, Inna kuwa da aka kai mata labari sai ta ce, "Mai jirgi ya daɗe da ci, yau ne anka faɗa." Daga ajinmu mutum tara suka ci, kuma ba na cikin biyun da suka rage.

Latifu ya zuba wa Manzo shayi a babban kofi, ya ce, "To yanzu mi za mu ce maka? Bakina ya saba."

"Gobe ka gani," in ji Manzo.

Washegari ya sayo fenti, ya rubuta a hancin jirginsa da manyan baƙaƙe, da hannunsa: JUYA. Wata tsohuwa 'yar Gaya da za ta ƙetare da kwandon tattasai ta tambayi abin da aka rubuta. Da aka gaya mata sai ta ja da baya ta ce ita ba ta shiga jirgin da ake roƙon ya juya da mutane a tsakiyar gulbi. Sai da Manzo ya soma ba ta labarin tun daga farko ta yarda ta shiga, kafin su kai ƙetare ta yafe masa. Labarin tsohuwar nan ne ya bi kasuwa, sunan ya bi shi. Kafin kaka kowa Manzo Juya yake cewa. Mufida ta wuce kwaleji ba wanda ya sake tsokanarta. Latifu ne kaɗai bakinsa kan suɓuce, shi ma tun da ya shigo aji, wai ya zo ganin abin da ake ba mutane a ciki, aka miƙa masa alli ya rubuta harafin farko a kwance, bai ƙara kiransa Ziro ba.

Abu ɗaya ya rage. Manzo ya ce a mayar masa da kayensa, ya gaji da yawo. Balkissa ta mayar, ta yi hoton shafukan ta kai wa ɗalibanta, amma darasin bai ci ba, domin takarda warwara ba ta da gaba da baya, kowa ya ga rubutun nan take. Ta dawo ta roƙi aro. Ya ce kayensa ba ya sake tafiya ba mai shi. Tun daga lokacin, duk farkon shekarar karatu yakan ɗaure jirgi kwana biyu, ya sa babbar riga, ya bi ta Paraku. Yakan zauna a bencin baya na zauren, ɗalibai na ɗaukarsa wani uba ne da ya rako ɗiyarsa. Kaye ya yi yawonsa, a rubuta sifiri a tara. Sannan Dokta ta ɗaga shi sama ta buɗe shafin farko, ta buɗe na biyu, sai a ji murya daga baya, irin wadda ta saba kiran fasinja daga ƙetaren gulbi, ta ce, "Juya shi." Ta ce mini bara mutum goma sha tara suka kai bangon baya tun kafin ya yi magana, Manzo kuma ya ce in abin ya ci gaba haka za a raba shi da aikinsa.

Ganina da ita na ƙarshe a tashar motar Paraku ne, ita da shi, kayen na leƙowa daga aljihun rigarsa, ranar Lahadi, goma sha huɗu ga Satumba, 2025.